Tutar da Ba a Jefa Ba a New Orleans

Daren Lahadi 20 ga Janairun 2019, dab da ƙarfe sha biyu agogon Najeriya, ina zaune a falo na rage muryar talabijin don kada in tashi yara, na ga abin da har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. New Orleans Saints ce ke karawa da Los Angeles Rams a wasan da zai fitar da wanda zai je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Kowa na da maki 20, saura ƙasa da minti biyu a tashi, Saints kuma ta iso yadi 13 daga ƙarshen filin Rams. Mai jefa ƙwallon Saints, Drew Brees, ya jefa ƙwallo gefen dama wajen abokin wasansa Tommylee Lewis. Tun ƙwallon tana sama, mai tsaron bayan Rams, Nickell Robey-Coleman, ya sheƙo a guje ya banke Lewis, hular kwano ta daki hular kwano, Lewis ya faɗi warwas. Ko kallon inda ƙwallon take Robey-Coleman bai yi ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, alƙalan ƙwallon Amurka su bakwai ne a fili, kowanne da ɗan ƙyalle rawaya da ake kira tuta a soke a ƙugu. In ya ga laifi sai ya zaro ya jefa. Daga cikin dokokin da ko ɗan koyo ya sani akwai cewa ba a taɓa mai jiran ƙwallo kafin ƙwallon ta iso shi. Na miƙe tsaye ina jiran in ga ƙyallen ya faɗo. Dubban mutanen da suka cika filin Superdome su ma suna jira. Akwai alƙalai kusa da wurin, idonsu a kai. Babu wanda ya kai hannu ƙugunsa.

Da an jefa tutar nan, Saints za ta samu damar cinye kusan duk sauran lokacin, ta buga ƙwallo daga kusa, a tashi. Da ba a jefa ba, Saints ta buga ta ci maki uku, amma Rams ta samu lokacin da ta rama, aka shiga ƙarin lokaci, ɗan Rams Greg Zuerlein ya buga daga yadi 57, Rams ta ci 26 da 23.

Kuskuren ya yi mini ciwo, amma abin da ya biyo bayansa ne ya sa nake wannan rubutu. Robey-Coleman da kansa ya faɗa wa 'yan jarida a ɗakin canza kaya cewa laifi ya yi. Kocin Saints, Sean Payton, ya ce ya yi waya da shugaban sashen alƙalai na lokacin, Al Riveron, kuma Riveron ya amsa masa cewa an yi kuskure. Wato magoya baya daga bakin wanda aka zalunta suka ji cewa hukuma ta amsa laifi. Babban alƙalin wasan, Bill Vinovich, da aka tambaye shi, ya ce hukunci ne na ganin idon alƙalin da ke wurin, shi kuma bai ga abin da ya faru ba. Kwamishinan NFL, Roger Goodell, ya yi gum har kwana goma, sai da taron manema labarai na Super Bowl ya tilasta masa, sannan ya ce ya kamata a jefa tuta, kuma alƙalai 'yan Adam ne. Kafin nan hukumar ta riga ta ci Robey-Coleman tarar dala 26,739 saboda karon kan da ya yi, laifin da alƙalanta ba su jefa wa tuta ba a fili. Ɗan wasa an faɗi sunansa, an faɗi laifinsa, an faɗi kuɗin da zai biya har da 'yan canji. Alƙalan da abin ya faru a gabansu kuwa, hukumar ba ta fito ta gaya wa kowa me aka yi musu ba, ko me suka ce sun gani.

Ni ban yarda ana sayar da wasannin NFL ba. Na sha jin masu cewa an rubuta komai tun kafin a shiga fili, ko kuma alƙalai na goya wa Kansas City Chiefs baya saboda tauraronsu Patrick Mahomes na kawo kasuwa. Wanda ya san yawan mutanen da sai an haɗa baki da su kafin a yi irin wannan, da yawan tsofaffin 'yan wasa da koci-koci da aka kora suna jin haushi, zai gane cewa da tuni wani ya fasa ƙwai. Sai dai in ka tambaye ni wa ya shuka wannan zargi, wa yake ba shi ruwa, zan ce hukumar ce da kanta. Duk inda aka rufe ƙofa aka hana tambaya, mutane za su cike gurbin da abin da zuciyarsu ta raya musu. A watan Fabrairun 2025, bayan wasan da Chiefs ta doke Buffalo Bills 32 da 29 aka yi ta gardama kan ko ɗan Bills Josh Allen ya kai ƙwallo layin da yake nema, Goodell ya ce zancen fifita Chiefs shirme ne, ƙungiyar alƙalan kuma ta ce cin fuska ne a gare su. Ina ganin gaskiya suka faɗa. To amma da me mai kallo zai tabbatar? Sun ce a yarda da su, alhali takardun da za su wanke su suna kulle a ofishinsu na New York.

Takardun nan kuwa akwai su. Bayan kowane wasa ana zama a bi shi dalla-dalla, a duba kowane alƙali: tutar da ya jefa daidai, wadda ya jefa bisa kuskure, da wadda ya kamata ya jefa bai jefa ba. Da wannan maki ake zaɓar waɗanda za su busa wasannin zagayen ƙarshe, da shi ake raba wasu da aiki in kaka ta ƙare. Ƙungiyoyi ma suna aika ƙorafinsu a ba su amsa a asirce. Aikin bin diddigin ana yin sa, kuma ba na shakkar ana yin sa da gaske. Jama'a ne kawai aka ce ba su isa su gani ba. Shi ya sa da aka ba Vinovich Super Bowl na Fabrairun 2020, shekara ɗaya kacal bayan abin da ya faru, mutanen New Orleans suka ji kamar an watsa musu ƙasa a ido. Mai yiwuwa ya cancanta. Babban alƙali a bayan mai jefa ƙwallo yake tsayawa, ba shi ke lura da gefen da aka banke Lewis ba, kuma an sake ba shi Super Bowl a 2024, alamar cewa makinsa na da kyau. Da an nuna makin da an huta, shi ma da ya huta. Rufa-rufar da aka yi da sunan kare shi ita ta bar shi a bakin duniya.

Hanya ɗaya tilo da ake jin ta bakin alƙali bayan wasa ita ce a tura ɗan jarida guda, a madadin sauran, ya yi masa 'yan tambayoyi kan hukuncin da ya jawo ce-ce-ku-ce, a buga tambaya da amsa a takarda a raba. Babu kyamara, babu mai cewa malam, ba ka amsa abin da aka tambaye ka ba. Shi kuwa ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, doka ta wajabta masa ya tsaya gaban 'yan jarida, wani lokaci gumi bai ma bushe masa ba, ya yi bayanin yadda ya jawo wa garinsu baƙin ciki. Koci ma haka. In kuma ɗayansu ya kuskura ya soki alƙali, aljihunsa zai ji a jika. A Disamban 2023, bayan an soke wa Chiefs maki saboda ɗan wasansu Kadarius Toney ya tsaya ƙafarsa ta wuce layi, kocinsu Andy Reid ya yi magana aka ci shi dala dubu 100, Mahomes aka ci shi dubu 50. Hukuncin nan daidai ne, Toney ya wuce layi, hoto ya nuna. Ban ce kada a tsawata wa mai zagin alƙali ba. Amma hukumar da ke wallafa jerin 'yan wasan da ta ci tara duk mako, da suna da laifi da kuɗi, ba ta da bakin cewa bayyana kuskuren alƙali zubar da mutunci ne.

Abin da ya faru a gidan Dallas Cowboys ranar 30 ga Disamban 2023 ya fi komai nuna mini inda gizo ke saƙa. Detroit Lions ta ci maki saura daƙiƙa 23, ta zama tana da 19 Dallas Cowboys na da 20, sai ta zaɓi neman maki biyu don ta ci wasan gaba ɗaya. A dokar wasan, ƙaton da ke layin gaba ba shi da izinin cafe ƙwallo sai ya je ya sanar da babban alƙali tukuna, shi kuma ya shelanta wa abokan hamayya. Taylor Decker mai lamba 68 ya cafe ƙwallon, 'yan Lions suka fara murna, sai ga tuta. Babban alƙali Brad Allen ya ce mai lamba 70, Dan Skipper, shi ya sanar da shi, ba Decker ba. Hoton bidiyo ya nuna Decker ya taka har gaban Allen kafin a fara, Skipper kuma yana tahowa a guje daga gefen fili. Decker ya ce ya sanar. Skipper ya ce shi bai ce uffan ba. Kocinsu Dan Campbell ya ce tun kafin wasa ya yi wa alƙalai bayanin wannan dabara. Allen ya tsaya a kan bakansa. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta aika wa ƙungiyoyi bidiyo tana tunatar da su cewa nauyin ɗan wasa ne ya tabbatar alƙali ya fahimce shi. An bar jaki ana dukan taiki. Na yarda Lions ta tura mutum uku wajen alƙali da gangan don ta rikita Dallas, kuma mai yiwuwa rikicin ya ci har da alƙalin. To sai a faɗi haka. Mutum ne sanye da makirfo a jikinsa, a filin da kyamarori suka kewaye, a gasar da ke samun biliyoyin daloli a shekara, amma gardama ta ƙare a wane ya ce, wane ya ce, kamar rigimar iyakar gona da ba shaida.

Mu da muka taso a gidajen kallon ƙwallo mun ga yadda ake yin akasin haka. Ranar 30 ga Satumban 2023 aka soke ƙwallon da Luis Díaz ya ci wa Liverpool a gidan Tottenham, aka ce ya yi satar gida, alhali bai yi ba. Cikin 'yan kwanaki hukumar alƙalan Ingila ta saki muryoyin masu kula da VAR. Duk wanda ya saurara ya ji da kunnensa: mai VAR ya ɗauka an ba da ƙwallon ne a fili, sai ya ce ya gama dubawa, aka ci gaba da wasa, sannan hankalinsu ya tashi da suka gane ɓarnar da suka yi. Abin kunya ne, kuma Liverpool ba ta samu makinta ba. Amma duk mai cewa an sayi alƙali sai ya yi shiru, domin abin da aka ji ruɗewa ce ta mutanen da suka kasa fahimtar juna. A Amurkan kanta, gasar ƙwallon kwando ta NBA, wadda ta taɓa shan kunyar alƙalinta Tim Donaghy da aka ɗaure a 2008 kan harkar caca, tun 2015 take fitar da rahoto kan minti biyun ƙarshe na duk wasan da aka yi kankankan, tana faɗin hukuncin da aka yi daidai da wanda aka kuskure. Ƙananan gasannin ƙwallon Amurka irin su XFL sun bar masu kallo suna jin tattaunawar masu duba bidiyo kai tsaye, sama kuma ba ta faɗo ba.

Na san abin da masu kare tsarin ke cewa, kuma ba duka ne zancen banza ba. Suna cewa rahoto ba ya dawo da wasan da aka rasa, sai dai ya fama ciwo. Suna cewa a zamanin da mutum zai zauna a ɗakinsa ya aika wa alƙali barazanar kisa ta waya, fitar da sunansa da makinsa tamkar miƙa shi ga 'yan daba ne. Wannan na biyun yana damuna ƙwarai. Sai dai sunayen alƙalan ba a ɓoye suke ba, lamba ce a bayan rigar kowa, kuma masu zagin suna zagi tun yanzu. Abin da alƙalin ya rasa shi ne hanyar kare kansa. Ba shi da izinin fitowa ya ce ga inda na tsaya, ga wanda ya tare mini gani, ga abin da ya sa na yanke haka. Kuma rahoto zai fi yawan wanke su fiye da kama su, domin aikin da mutanen nan ke yi cikin ƙiftawar ido, tsakanin ƙarti 22 da ke karo da juna, mafi yawansa daidai ne. A Super Bowl na Fabrairun 2023 duniya ta yi caa a kan tutar da aka jefa wa James Bradberry na Philadelphia Eagles dab da tashi, sai shi Bradberry ya fito ya ce lallai ya ja rigar abokin karawarsa. Ba kullum ake samun ɗan wasa mai irin wannan gaskiya ba, kuma bai kamata mutuncin alƙali ya rataya a kan samun sa ba.

Amurkawa sun taɓa ɗanɗana rashin ƙwararrun alƙalan nan. A 2012 hukumar ta rufe musu ƙofa kan rigimar albashi da fansho, ta kwaso na wucin gadi daga ƙananan gasanni. Ranar 24 ga Satumba, a wasan Seattle Seahawks da Green Bay Packers, aka jefa ƙwallon ƙarshe, alƙalai biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya ɗaga hannu sama alamar an ci, ɗayan yana kaɗa nasa alamar a tsayar da agogo. Aka ba Seattle wasan 14 da 12. Kwana biyu aka sasanta, kuma da ƙwararrun suka dawo fili a Baltimore 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa musu. Mutane ba ƙin alƙalai suke ba.

Wanda nake yawan tunawa shi ne Ed Hochuli, lauya ne a ranakun aiki, alƙalin wasa a ƙarshen mako. A Satumban 2008, wasan Denver Broncos da San Diego Chargers, ƙwallo ta suɓuce daga hannun mai jefa ƙwallon Denver, Jay Cutler, dab da tashi, ɗan Chargers ya ɗauke, wasa ya ƙare ke nan a zahiri. Amma Hochuli ya riga ya busa usur yana zaton jifa ce da ba ta kai ba, kuma dokar lokacin ba ta yarda a ba Chargers ƙwallon bayan an busa ba. Denver ta ci 39 da 38. Tun a fili ya je ya gaya wa kocin Chargers cewa shi ya ɓata. Saƙonnin zagi suka yi ta kwarara cikin akwatin imel ɗinsa, ya zauna yana amsa su yana cewa ya gaza kuma yana ba da haƙuri. An rage masa maki, an gyara dokar a shekarar da ta biyo baya, shi kuma ya ci gaba da busa wasa har kusan shekara goma, yana cikin waɗanda aka fi girmamawa. Amsa laifi bai kashe shi ba. Abin takaicin shi ne halinsa ne ya sa ya yi hakan, babu tsarin da ya buƙaci ya yi. Bill Leavy, wanda ya busa Super Bowl na 2006 da Pittsburgh Steelers ta doke Seattle, sai a 2010 ya tsaya gaban 'yan jaridar Seattle ya ce ya kuskure hukunci biyu a zangon ƙarshe, kuma abin ya hana shi barci dare da yawa. Shekara huɗu mutum yana ɗauke da wannan kaya shi kaɗai.

Ana yawan cewa maganin shi ne a mayar da su ma'aikatan dindindin, tunda mafi yawansu suna da wata sana'ar. An gwada da wasu kaɗan a 2017 aka dakatar a 2019. Ba na adawa da hakan, amma ban ga yadda zai hana abin da ya faru a New Orleans ba. Wasu kuma na cewa a ƙara na'ura. Ita ma an gwada: bayan rigimar Saints masu ƙungiyoyi suka amince, 31 da 1, a riƙa duba irin wannan laifi a bidiyo. Kakar 2019 kaɗai aka yi, koci-koci suka yi ta jefa jar tutarsu ta ƙalubale ana mayar musu da ita ba tare da gamsasshen bayani ba, sai aka yi watsi da dokar. A 2025 an kawo kyamarorin Hawk-Eye su maye gurbin sarƙar da ake auna yadi goma da ita, abin da ya fi takardar da alƙali Gene Steratore ya taɓa naɗewa ya zura tsakanin ƙwallo da sanda a 2017. Amma har yanzu mutum ne ke ajiye ƙwallon a inda yake ganin an tsaya, kuma mutum ne a New York ke yanke hukunci in an koma bidiyo, a tattaunawar da mai kallo ba ya ji.

Sai maganar caca. Ba na tausayin wanda ya zuba kuɗinsa a caca ya rasa, addinina da tarbiyyata sun raba ni da ita. Amma tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, NFL da ta shafe shekaru tana cewa caca za ta lalata amincin wasa ta juya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca Caesars da DraftKings da FanDuel a 2021, ta kai Super Bowl birnin Las Vegas a 2024. Ta dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kaka guda cur saboda ya yi caca a kan wasanni, ta ce amincin gasa take karewa. Wanda ya karɓi kuɗin nan ya ɗora wa kansa nauyin da da ba shi da shi. Yanzu tuta guda tana juya maƙudan kuɗi daga wannan aljihu zuwa wancan, kuma babu mai hankalin da zai yarda a ce harkar da ta kai haka ita ce mai binciken kanta, ita ce mai ajiye sakamakon binciken.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Washegarin kowane wasa a fitar da rahoton manyan hukunce-hukunce, a ce wannan daidai, wannan kuskure, ga dalili. A naɗi maganar da alƙalai ke yi da juna ta na'urar kunnensu da wadda suke yi da New York, in gardama ta tashi a saki. Shugaban sashen alƙalai ya zauna gaban 'yan jarida duk mako a yi masa tambaya ya amsa. Wannan na ƙarshen ma ba baƙo ba ne gaba ɗaya, Mike Pereira ya riƙa fitowa a tashar NFL Network yana bayanin hukuncin da aka yi gardama a kai lokacin da yake riƙe da sashen, kafin ya koma Fox a 2010. Ban nemi a kori kowa ba. A 2018 an kori alƙali Hugo Cruz a tsakiyar kaka bayan ya kasa ganin wani laifi a wasan Chargers da Cleveland Browns, kuma ko wannan daga majiyoyin 'yan jarida aka fara ji. Babu mai kallon da ya ga makinsa na baya balle ya san ko adalci aka yi masa ko kuwa shi aka ga dama a yanka.

Na sake kallon bidiyon Dallas ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ina tsayar da shi daidai inda Decker ya iso gaban Brad Allen. Ana ganin kan Allen ya ɗan motsa, sai ya juya ya nufi wajen 'yan Cowboys don ya sanar da su lamba. Abin bai wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba. Decker ya san abin da ya faɗa, Allen ya san abin da ya ji, ni da sauran miliyoyin da muka kalla hoto kawai aka ba mu, babu murya.